Mai Madubi ko Maras Madubi? Abubuwan Mamaki Ga Mai Neman Kyamara a Kudancin Garin Kaduna

Daga Kakuri zuwa Sabon Tasha, daga Barnawa zuwa Gonin Gora, da wuya Asabar ta wuce ba a yi taro ba: ɗaurin aure a coci ko a ƙofar gida, suna, walimar sauka, bikin yaye ɗalibai. Kowane taro yana neman mai hoto. Tun da masaƙun Kakuri suka durƙushe, har da KTL wadda aka buɗe a 1957 ta kuma rufe a 2002, matasan waɗannan unguwanni sana'ar hannu suka runguma, ɗaukar hoto kuwa tana cikin waɗanda ke ciyar da gida. Duk wanda ya tara ɗan kuɗinsa, tambaya ɗaya ke hana shi barci: sabuwar ƙaramar kyamara maras madubi zai saya, ko tsohuwar DSLR ta hannu? Ga wasu abubuwa da ya kamata ya sani kafin ya zaro kuɗi.

Mai DSLR bai taɓa ganin hoton da ya ɗauka a lokacin da yake ɗaukarsa ba. A cikin kyamarar akwai ɗan madubi a gicciye, shi ke karkato hasken da ya shigo ta lensi zuwa tagar da ake leƙawa. Da an danna, sai madubin ya ɗaga sama don haske ya isa ga sensa, wato farantin da ke kama hoton, tagar kuma ta yi duhu. Wannan ƙiftawar ita ce hoton. Ƙarar da ake ji idan ana ɗauka, yawancinta ta madubin ce. Maras madubi ta cire shi gaba ɗaya, hasken yana sauka kan sensa kai tsaye, abin da kake gani a taga kuma ɗan ƙaramin allo ne.

A 1975, shekarar da kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, wani injiniyan Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko. Nauyinta kilo 3.6, hotonta baƙi da fari, sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto guda a kan kaset. Kodak ɗin da aka ƙirƙiro ta a gidansa ya bayyana karyewar jarinsa a 2012.

Maras madubi ba yarinya ba ce kamar yadda ake zato. Panasonic ya fitar da Lumix G1 tun 2008. Sony ya kawo A7 mai babbar sensa a 2013, Canon da Nikon suka shigo da ƙarfinsu a 2018, zuwa 2020 kuma yawan marasa madubin da kamfanonin Japan suka fitar ya zarce na DSLR. A ƙarshen 2021 shugaban Canon, Fujio Mitarai, ya ce EOS-1D X Mark III ce babbar DSLR ɗinsu ta ƙarshe. Wannan labari, a ganina, alheri ne ga mai ƙaramin ƙarfi. Ƙwararrun Turai da Amurka sun yi ta sayar da tsofaffin kayansu suna komawa sabon yayi, kayan nan kuma su ne ke sauka Legas a matsayin tokumbo, su hauro Kaduna.

Batir, a nan tsohuwa ta yi zarra. Bisa ma'aunin da kamfanonin suka yarda da shi, Nikon D3500 tana ɗaukar hoto 1,550 da caji guda, Nikon D750 1,230, Canon 6D 1,090. Sony a6000 kuwa 360, Canon M50 235 kacal. Dalili a fili yake: madubi ba ya shan wuta, amma sensa da allon maras madubi a kunne suke muddin kana leƙe. Wanda ya ga duhun rashin lantarki da Arewa ta shiga a watan Oktoban 2024 ya san darajar wannan lissafi. Sai dai ita ma sabuwar tana da abin cewa, domin da yawansu, irin su a6000 da Canon R50, ana iya yi musu caji da pawa-banki ta wayar USB, tsofaffin DSLR kuwa sai an cire batir an kai shi caja.

Ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hazon hunturu ya rufe gari, canza lensi a fili kasada ne ga kowace kyamara. Amma a DSLR madubi da labule, wato murfin da ke buɗewa idan an danna, suna tsaye gaban sensa, a yawancin ƙananan marasa madubi kuwa da ka kwance lensi ga sensa tsirara tana kallonka. Alamar ta kama ƙura ita ce ɗigo-ɗigo a wuri ɗaya cikin kowane hoto, musamman inda sararin sama ya fito. A juya bakin kyamara ƙasa lokacin canzawa, a hure ta da ɗan famfon roba. Kada a hura da baki, kada a goge da bakin riga.

Damina kuma da nata ta'adin. Laimar watan Agusta, musamman a unguwannin da ke kusa da kogi, tana sa funfuna ta tsiro cikin gilashin lensi kamar zare-zare, idan ta daɗe har ta ci fentin gilashin. Ƙananan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, kar a yar da su, a jefa cikin jakar kyamara. Mai sayen lensi na hannu kuma ya haska shi da tocilan waya ta baya, ya leƙa ta gaba.

Kyamara tana da iyakar kwana, a rubuce. Labulen Canon 5D Mark III da na Nikon D750 an gwada su kan dannawa 150,000, na Canon 6D 100,000. Wasu suna wuce haka nesa, wasu ba sa kaiwa. Jikin kyamara na iya yin ƙyalli alhali cikinta ya ci duniya, don haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce sau nawa aka danna ta. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto. Yawancin Canon sai an jona su da kwamfuta a duba da manhaja. Wanda ya ƙi a duba, a bar masa kayansa.

Ga wani abin da ya fi taɓa mu. Shekaru da dama, ɗakunan wanke hoto suna daidaita launi ne da katin Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, baƙar fata kuwa sai ta fito duhu ba a gane kamanni. Masu bincike sun nuna cewa ƙorafin masu kamfanonin cakulan da na kayan katako, waɗanda launin hajarsu ba ya fita daidai a talla, yana cikin abin da ya sa aka gyara fim ɗin. Har yau na'urar auna hasken kyamara tana son mayar da komai ruwan toka matsakaici. Tsayar da ango cikin farar babbar riga, ko amarya cikin farar rigar coci, da ranar sha biyu: kyamara za ta ga farin ya yi yawa ta rage haske, fuska ta nutse. A nan maras madubi ta yi wa mai koyo gata babba, domin a tagarta kana ganin yadda hoton zai fito tun kafin ka danna, ka ƙara haske nan take. Mai DSLR sai ya ɗauka, ya duba baya, ya gyara, ya sake. Na fi girmama wannan fa'ida a kan duk abin da ake yi wa sababbin kyamarori talla da shi.

Sai kama ido. Canon 600D da 5D Mark II wurare 9 kawai suke da su na saita hoto. Sony a6400 ta 2019 da Canon R50 ta 2023 suna gano idon mutum da kansu, su bi shi ko yana rawa.

Megafiksel ba abin tayar da hankali ba ne. Hoton inci 5 da 7 da ake sa wa a albam, megafiksel 3 da ɗoriya ya ishe shi ya fito tas. Na inci 8 da 10 kuma 7 da ɗoriya. Nikon D700 ta 2008 tana da 12, kuma an ɗauki bukukuwa da ita ba iyaka. Yawancin hotunanmu ma a WhatsApp suke ƙarewa, inda ake matse su.

Inda kuɗi ya kamata ya tafi shi ne lensi. Wanda ake haɗowa da kyamara, 18-55, idan aka zuƙo shi ƙarshe yana tsayawa a f/5.6. Ɗan lensin 50mm f/1.8, wanda yana cikin mafi araha, yana shigar da haske kusan ninki 10 na wancan. A zauren biki mai ƙarancin fitila, wannan shi ne bambancin hoton da za a biya da wanda za a dawo maka da shi. Bakin lensin Nikon F tun 1959 ake amfani da shi, na Canon EF tun 1987, saboda haka lensinsu na hannu sun cika duniya. Tsohuwar DSLR kamar Peugeot 504 take, duk inda ka shiga akwai kayan gyaranta da wanda ya san cikinta. Abin lura ɗaya: a kyamara mai ƙaramar sensa, 50mm yana zuƙowa kamar 75 ko 80, a ƙaramin falo a Narayi ba zai ɗauke dangin amarya duka ba. Girman babbar sensar kuwa, milimita 36 da 24, gadon fim ɗin silima ne da Oskar Barnack ya sa wa Leica, wadda ta shiga kasuwa a 1925.

Tsohon lensi yana hawa sabuwar kyamara da adafta, sabon lensi ba ya hawa tsohuwa. Tazarar da ke tsakanin lensi da sensa a Canon EF milimita 44 ce saboda gurbin madubi, a RF kuwa 20, adaftar cike gurbin kawai take yi. Ke nan wanda ya fara da DSLR ya tara lensi masu kyau bai yi asara ba ranar da zai koma maras madubi.

Akwai tarkuna da ba a faɗa wa mai saye. Canon ya daina yin jerin EOS M, har da M50 da ta cika hannun masu bidiyo, kuma lensinta na EF-M ba ya hawa sababbin R ko da adafta. Nikon D3000 zuwa D3500 da D5000 zuwa D5600 ba su da injin saiti a jikinsu, idan ka ɗaura musu tsohon 50mm f/1.8D sai dai ka riƙa juyawa da hannu. Canon 2000D, 4000D da 250D sun fito ba tare da ƙarfen tsakiya a mazaunin filashi ba, wasu filashin da ba na Canon ba sai su ƙi tashi. R50 ma sai da adafta take karɓar tsohon filashi. Wasu Sony da aka yi don kasuwar Japan da Japananci kaɗai suke magana. Nikon D600 ta 2012 ta yi suna wajen watsa ɗigon mai da ƙura kan sensarta, shi ya sa D610 ta maye gurbinta a 2013. Canon 5D Mark II, 7D ta farko da Nikon D700 kuma katin CF kawai suke ci, ba ƙaramin SD da ake samu a kowane shago ba.

Wani gatan tsofaffin manya: Nikon D7100, D7200, D750 da Canon 5D Mark III suna da gurbin kati biyu, suna ajiye kowane hoto sau biyu. Ƙananan marasa madubi gurbi ɗaya ne. Ɗaurin aure ba a maimaita shi, duk wanda kati ya taɓa mutu masa ya san abin da nake nufi.

Bidiyo kuwa, Nikon D90 ce DSLR ta farko da ta fara ɗauka a 2008, Canon 5D Mark II ta biyo a shekarar da cikakken HD, har a 2010 aka ɗauki kashin ƙarshe na zangon shirin House na Amurka da ita. Amma me ya sa kyamarori da yawa ke tsayawa a minti 29 da daƙiƙa 59? Ba gazawar inji ba ce, haraji ne. A da, Tarayyar Turai takan ɗauki na'urar da ta kai minti 30 a matsayin kyamarar bidiyo, ta ɗora mata kuɗin fito. Tsofaffi irin 600D ma, wajen minti 12 fayil ɗin HD ke cika ya yanke. Mai ɗaukar wa'azi ko huɗubar aure ya sa wannan a ransa. Sannan wutar Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka 60. Kyamarar da ta zo daga can a kan tsarin NTSC takan sa bidiyo ya riƙa ƙifce-ƙifce ƙarƙashin fitila. A mayar da ita PAL, a ɗauka a 25 ko 50, magana ta ƙare.

Manyan masu hoto ma da ƙaramar kyamara suka fara: Seydou Keïta na Bamako da Kodak Brownie ya fara, wadda kawunsa ya ba shi a 1935. J. D. 'Okhai Ojeikere na Nijeriya ma Brownie ya saya a 1950, hotunansa na kitson mata suna rataye yau a manyan gidajen tarihin duniya. Malick Sidibé, wanda aka ba lambar Zakin Zinare a Venis a 2007, bayan ɗaukar hoto gyaran kyamara yake yi a shagonsa.

Tun da darajar Naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, kowane kuskure a sayen kayan nan tsada yake. Don haka ga hukuncina, ɗan'uwa ko 'yar'uwa. Idan hoton biki da na suna za ka yi, kuɗin kuma a ƙirge suke, sayi tsohuwar DSLR mai lafiya wadda ka duba adadin dannawarta, ragowar ka sa a lensi 50mm, filashi da kati mai kyau. Idan rabin aikinka bidiyo ne, ko kai kaɗai kake ɗaukar kanka don YouTube da TikTok, sayi maras madubi, ka haɗa da batir biyu tun ranar farko. Kowacce ka zaɓa, je da katinka, ka ɗauki hoto da ita a gaban mai shago, ka duba a kwamfuta kafin ka biya.