Hatsi: rahusar gaske tana lokacin kaka

Magidanci kan daɗe yana ciniki a kasuwar Maraɗi don a rage masa dala biyar a tiya, alhali babbar rahusa ta wuce shi tun watan Oktoba. Da kaka manoma na neman kuɗi, hatsi ya cika kasuwannin ƙauye. Daga Yuni zuwa Agusta kuwa rumbuna sun yi ƙasa, farashi ya hau.

Buhu mai kilo 100 yana cin tiya wajen 40, ke nan ragin dala goma a tiya jika biyu ne a buhu. Wanda kuɗinsa bai kai ba sai ya haɗa da maƙwabta su saya su raba, amma a lissafa kuɗin mota, kuma a auna a gaban idonsu. Hatsin rahusa na OPVN ba ya isar kowa.