Ɗakin Naka Ne, Ƙasar Ta Wani Ce

A Damari, kamar sauran garuruwan ƙasar Sabuwa, saurayin da ya tasam ma aure ba kasafai yake neman fili ba. Kaka ta yi kyau, ya kai masara da waken suya kasuwar Dandume ya sayar, sai ya je ya durƙusa gaban mahaifinsa. "Baba, ina so in ɗan tayar da ɗaki a bayan gida, wajen tsohon rumbun nan." Amsar ba ta wuce: "Allah ya sa albarka. Gina abinka, ai gida naka ne." Shi ke nan an gama. Washegari an fara buga bulo.

Wannan "gida naka ne" magana ce ta kara da zumunci. Amma ran da tsohon ya kwanta dama aka zo rabon gado, ko, in kawu ne ya ba da wurin, ran da ya so sayar da gidansa, ita ce za a baje gaban alƙali a tambaya: kyauta ce ko aro? Wanda ya faɗe ta kuwa sau da yawa yana ƙarƙashin ƙasa.

Mu fara da dokar gwamnati, don ita gajeriya ce a nan. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka kafa zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama irin na gargajiya. Abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani, kuma mai wannan haƙƙi shi muke kira mai fili. Manyan kotuna kuma sun gaji wata ƙa'ida daga dokar Ingila: duk abin da aka kafa a ƙasa ya zama na ƙasar. Wato in ka yi gini a filin wani ba da yardarsa ba, ginin ya bi filin, ko da kai ka sayi kowane buhun siminti.

Sai dai rigimar bayan gida a ƙauyukanmu ba ta cika kaiwa can ba. Daga mai unguwa sai dagaci, daga nan sai kotun shari'a, inda ake hukunci da fiƙihun Malikiyya. Littattafan da almajirai ke karantawa a zaure, Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Shehu Khalil, sun yi wa mas'alar filla-filla, kuma sun fi dokar Ingila duba halin mai ginin. Tambayarsu ta farko: da wace fuska ka shiga filin?

Wanda ya shiga da ƙarfi, ya san wurin ba nasa ba ne, shi ne mai ƙwace. Mai fili yana da zaɓi: ya ce masa kwashe gininka, ko ya riƙe ginin ya biya shi ƙimarsa a rushe, bayan an cire ladan wanda zai yi rusau ɗin. Wanda kuwa ya sayi fili da zuciya ɗaya, ya gina, daga baya mai shi na gaskiya ya bayyana da hujja, hukuncinsa daban. Mai filin zai biya shi ƙimar ginin a tsaye. In ya ƙi, mai ginin ya biya kuɗin filin fili kawai. In shi ma ya ƙi, sai su zama abokan tarayya, kowa gwargwadon ƙimar abinsa.

Tsakanin "a tsaye" da "a rushe" akwai tazara mai nisa, kuma nan ne mutane ke shan mamaki. Ɗauki ɗaki ciki da falo na bulo. A tsaye, kuɗinsa ya haɗa da yashi, siminti, ladan magini da na kafinta, filasta, daɓe, har ruwan da aka sayo a kura. A rushe fa? Kwanon rufi da ƙusa ta huhhuda, katako, ƙofa, taga, sai ɗan bulon da ya fita lafiya. Abin da ba shi da ƙima bayan rushewa, kamar filasta da fenti, ba a biyan ko kwabo a kansa. In ginin ƙasa ne, abin ya fi muni: ka cire azara da ƙyaure, saura tulin jar ƙasa.

To ina matsayin ɗan da aka ce wa "gina abinka"? Galibi a babin aro yake faɗawa, sai in ya kawo shaidar kyauta. Mai aro ba ɓarawo ba ne, shari'a ta kare shi: in an yanka masa wa'adi, ba a tashinsa kafin ya cika. In ba a yanka ba, sai a bar shi ya ci moriyar ginin gwargwadon abin da al'ada ta sani, kuma mai filin da ya matsu ya fitar da shi da wuri sai ya biya shi abin da ya kashe. Amma da zarar lokacin ya ƙare, hukuncinsa ya koma irin na mai ƙwace: kwashe, ko karɓi kuɗin ɓaraguzai. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Kyauta kuma a Malikiyya ba ta kammala sai an karɓi abin a hannu tun mai bayarwa yana da rai da lafiya, kuma wanda ya yi da'awarta shi zai kawo shaidu. 'Yan'uwan da suka taya ka ɗaukar bulo, su ne ranar rabo za su ce ba su ji Baba ya ce kyauta ba. Wataƙila ma gaskiyarsu ce.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce matar aure. Ta yi adashi shekara uku, ta sayar da awakinta, ta gina ɗaki da ɗan shagon ƙuli-ƙuli a gidan miji. Ran da aure ya mutu, ko mijin ya rasu dangi suka taru, sai a ce ai komai na maigida ne. Dukiyar mace tata ce a Musulunci, kuma tana da haƙƙi a kan abin da ta gina. Matsalar ita ce wa ya ga lokacin da ta miƙa kuɗin? A ɗaka aka yi, da dare.

Wasu na dogara da daɗewa: "Shekarata goma sha biyar a nan, ba wanda ya ce uffan." Gaskiya ne akwai hauzi. Bare da ya riƙe wuri shekara 10 yana gini yana rushewa, mai shi yana gari yana gani bai yi magana ba, ba kuma abin da ya hana shi, to ba a sauraron ƙararsa bayan nan. Tsakanin dangi kuwa sai an kai wajen shekara 40, don an san ɗan'uwa kan yi shiru saboda kunya. Amma hauzi ba ya aiki ga wanda ya shiga da aro, haya ko jingina, komai daɗewarsa.

Wannan sharaɗi na "yana gari yana gani" ya zama babba a yankinmu. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara, mutane sun watse zuwa Funtuwa da wasu garuruwan. Wanda ya tarar da kangon maƙwabcinsa ya kafa rumfa, daga rumfa ya koma ɗaki, kada ya ƙirga shekarun gudun hijira a matsayin shirun yarda. Wanda tsoro ya kora yana da uzuri. Haka shi ma ɗan gudun hijirar da aka ba wuri a bayan gida ya gina: baƙon aro ne.

In gwamnati ce ta karɓi filin don hanya ko makaranta, sashe na 29 na dokar 1978 ya ce diyyar gine-gine da amfanin da ke kai ta mai riƙe da filin ce da wanda ke zaune a kai bisa halal. Don haka mai ginin ya tabbata sunansa ya shiga takarda ranar da ma'aikata suka zo ƙiyasi.

Takardar da ke raba wannan gardama ba ta bukatar lauya. Warƙa ɗaya ta isa, da boko ko da ajami: wane ya ba wane wuri kaza, daga bakin rijiya zuwa katangar gabas, aro ne na shekara kaza ko kyauta ce, in an tashi rabuwa za a biya ginin a tsaye ko a rushe. Mai unguwa da liman su sa hannu, da shaidu biyu waɗanda ba magada ba, kuma a samu matasa a cikinsu. Rasit ɗin siminti da kwano a adana su tare da ita. Kowane ɓangare ya riƙe kwafi, a kuma ɗauki hotonta a waya, don gara da gobara ba su san takardar fili ba.