Rumbun Ajiya a Bayan Talabijin

A watan Yunin 2021 Google ya daina ajiye wa mutane hotuna kyauta ba iyaka. Wanda ya cika gigabait 15 ɗinsa, sai ya goge wasu ko ya biya kuɗin wata. Irin wannan ne ke sa wasu su gwammace ajiye kayansu a gida, cikin kwamfutar da ba ta fi tafin hannu ba.

Wadda ta fi shahara ita ce Raspberry Pi. Eben Upton da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila suka fito da ita a 2012 a kan dala 35, don yara su koyi rubuta manhaja. Sai manya suka ƙwace. Wani ya ɗora mata Nextcloud ta zama ma'ajiyar hotuna da takardun iyali, wani ya sa Pi-hole tana tare tallace-tallace kafin su iso wayoyin gidan, wani kuma Kiwix, yara na karanta Wikipedia ba tare da data ba.

Abin da ya ɗaukaka ta ƙarancin cin wuta ne, domin irin wannan kwamfuta ba ta barci. Na'urar da ke jan wat 5 dare da rana, yunit 44 za ta sha a shekara. Tsohuwar kwamfutar tebur mai wat 60 kuwa za ta haura 500. Ƙaramin faifan sola da batir sun isa su riƙe Raspberry Pi, kuma a ganina wannan ya fi arhar kuɗinta muhimmanci.

Rauninta yana jikin katin memori. A kansa take gudana, kuma idan aka ɗauke wuta tana tsakiyar rubutu, bayanan na iya dagulewa har ta ƙi tashi. Mazaunin Kambirij ba kasafai yake tuna wannan ba. Mazaunin Kano ko Damagaram da shi zai fara lissafi. Maganin shi ne a mayar da ita kan faifan SSD, a kuma sa batir tsakaninta da soket. Zafin bazara ma na da nasa: da ta kai digiri 80 take rage gudu, don haka 'yar fanka ba ado ba ce.

Saura shiga daga waje. Kamfanonin waya sukan tara dubban masu layi a bayan adireshin intanet guda, sai mutum ya kasa isa rumbunsa idan ya yi tafiya, sai ta hanyar manhaja irin Tailscale. Sabunta manhajar tsaro da ajiye kwafi na biyu a wani gidan kuwa, yanzu duk a wuyan mai gida suke.