A Bar Yaro Ya Gwada

A kowane ƙauye akwai yara masu son aikin hannu. In an ɗauke ruwan sama, mukan gan su a bakin kududdufi suna gina shanu da 'yan tukwane da laka. Da kaka su sami kara su haɗa mota. Wani kuma ya ɗauki gawayi ya yi ta zane a jikin bango.

To, mu manya me mukan ce? Sau da yawa tsawa ce: "Kai, tashi daga nan, za ka ɓata rigarka!" Ko kuwa mu dubi abin da ya gina, mu yi dariya, mu ce, "Wannan saniya ce ko kare?" Yaro ya ji kunya, ya rushe aikinsa. Gobe ba zai sake taɓa laka ba. Ta haka mukan kashe masa zuciya, ba mu ko sani ba.

Waɗansu sukan ce aikin hannu baiwa ce, wanda ba a haife shi da ita ba kada ya wahalar da kansa. Gaskiya ne wani ya fi wani saurin kamawa. Amma babu gwanin da ya faɗo daga sama. Da koyo akan iya. Mu ma nan ajin shaida ne. Ranar da muka fara riƙe fensir, hannu rawa yake yi, baƙin farko ya fito a karkace. Malam bai kore mu ba. Muka share, muka sake, har hannu ya faɗa. Haka hannun yaro yake. Mai zana da'ira da layi a ƙasa yau, shi ne zai ji sauƙin rubutu gobe.

Ga labarin wata mace da ya kamata mu sani. Sunanta Ladi Kwali. An haife ta wajen shekarar 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gwari. Ba ta yi makarantar boko ba. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane wurin wata 'yar'uwar iyayenta. Da hannu take gini, tana ɗora yumɓu kan yumɓu, sa'an nan ta zana kifi da kunama da ƙadangare a jikin randa. Aikinta ya yi kyau, har Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya ajiye tukwanenta a gidansa. Abujar wancan lokaci ita ce Suleja ta yanzu.

A nan wani Baturen Ingila mai suna Michael Cardew ya ga aikinta. Shi ne ya buɗe makarantar ginin tukwane a garin. A shekarar 1954 Ladi ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko. Mu lura da wannan da kyau. Ta riga ta zama gwana, mutane sun san ta. Duk da haka ta yarda ta koma ɗaliba. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, abin da ba ta saba ba. Ta koyi shafa wa tukunya wani ruwa mai sa ta ƙyalli, da gashi a tanderu mai zafi ƙwarai. Da ta ji tsoron a yi mata dariya, da ba ta je ba.

Daga baya ta nuna gwanintarta a Ingila da Amurka. A shekarar 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu a shekarar 1984. Wanda ke da takardar naira 20 ya juya bayanta, zai ga hoton Ladi tana ginin tukunya.

Magina tukwane sun san wani abu da zai amfane mu. Tukunyar da ba a gasa ba, in ta lalace ba a yi asara ba. Sai a jiƙa yumɓun a sake gini. Wadda ta fashe a wuta ma ba a rasa amfaninta. Akan daka tsingaronta a gauraya da sabon yumɓu, don ya ƙara jure wuta. Kuskuren yaro ma haka yake, a kansa ake gina iyawa.

To, yaya za mu taimaki 'ya'yanmu?

Na farko, mu ba su wuri da kayan aiki. Ba sai mun kashe kuɗi ba. Akwai laka da kara da kaba. Gawayi ya ba da baƙi, ga jar ƙasa da farar ƙasa, ga shuni. In ba mu son zane a bango, mu ba yaro guntun katako ko tsohuwar ƙwarya.

Na biyu, kada mu karɓe aikin daga hannunsa mu gyara masa. Mu tambaye shi, "Me ka gina? Yaya aka yi ƙafar ta karye?" Bari shi ya gano cewa ta yi siriri, ko kuwa ya shanya ta a rana mai zafi ta tsage. Gobe zai kai ta inuwa da kansa.

Na uku, mu yabi ƙoƙari. Maimakon "Kai gwani ne," mu ce, "Madalla, ka sake har sau uku ba ka gaji ba." Yaron da aka cika kiransa gwani yakan guji abu mai wuya, don kada a ga kasawarsa.

Na huɗu, kada mu gwada shi da ɗan maƙwabci. Mu gwada aikinsa na yau da na jiya.

Na biyar, in ya ce, "Ba zan iya ba," mu ce masa, "Ba ka iya ba tukuna. Sake gwadawa." Wannan magana ta mace da namiji ce duka.

Iyaye, mu riƙe wannan. Riga in ta ɓaci da laka, wanki ne maganinta. Amma yaron da muka sa wa tsoron gwaji, cire masa tsoron nan yana da wuya. Sai an gwada akan san na ƙwarai.