Wayar da ke bayan ɗaki

Da bazara ta kama, daga Maris zuwa Afrilu, mai iyakwandishan a Birnin Gwari yakan tuna da ita. Ya kunna, ta yi gum. In ya zagaya bayan ɗaki, inda aka kafa rabinta na waje, sai ya tarar ɓera ya gwaguye waya, ko rana ta busar da robar har ta tsattsage, ko wani ya yanke ta ya tafi saboda jan ƙarfen da ke ciki.

Tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga, Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara a Nuwamban 2024, jama'a ke komawa gidaje da shagunan da suka daɗe a kulle. Gidan da ya kwana biyu ba kowa, a gari da ke bakin dajin Kamuku, ɓera ne mai gidansa. Ga Kaduna, inda kayan gyara suka fi samuwa, da nisan fiye da kilomita 100. Shi ya sa ake yin abin da ya fi sauƙi: a fere bakin wayoyin, a murɗe su, a naɗe da salatif, a ce an gyara.

Wannan ɗaurin ne ke tayar mini da hankali. Wuta tana son hanya mai faɗi. Inda aka murɗe waya da hannu, silin jan ƙarfen ba sa haɗuwa duka, sai hanyar ta ƙuntata, wurin ya riƙa ɗaukar zafi. Iyakwandishan mai ƙarfin doki 1.5 tana jan amfiya 5 zuwa 6 in tana aiki, amma irin ta dā takan ja ninkin haka sau da yawa a daidai lokacin da kwamfireso ke tashi. Kowane tashi yana ƙara gasa ɗaurin. Salatif ya saki, damina ta zo, ruwa ya shiga, tsatsa ta ci wurin, zafin ya ƙaru. Daga nan sai tartsatsi, kusa da bututun gas. Gas ɗin R32 da ke cikin sababbin na'urori kuwa yana iya kamawa da wuta.

Gyaran gaskiya shi ne a cire wayar gaba ɗaya, daga na'urar ciki zuwa ta waje, a sa sabuwa. Ga irin wannan na'ura akan sa mai kaurin murabba'in milimita 2.5, ta jan ƙarfe zalla. Akwai ta bogi, alminiyam da aka shafa wa jan launi. In ka kankare da wuƙa za ka ga fari. A zura ta cikin bututun roba saboda rana da haƙoran ɓera. Kowace waya ta koma lambarta, kada kuma a jefar da mai launin kore da rawaya, don ita ke kai wuta ƙasa maimakon jikin yaron da ya dafa ƙarfen.

Kafin a taɓa komai, a kashe wuta daga tushe. Ɗauke wutar NEPA ba kashewa ba ne, tana iya dawowa hannunka na ciki, ga janareto da sola. Bayan an kashe ɗin ma, kafasitar da ke cikin na'urar tana riƙe cajin da zai iya kayar da babban mutum, sai wanda ya san aiki ya sauke shi.

Hukumar NEMSA ce ke ba masu aikin lantarki takardar shaidar ƙwarewa. Mai gida, ka tambayi mai gyaranka ita, ka kuma tsaya ka ga wayar da ya sa da idonka kafin ka biya.