Bayan Aikin Gwiwa, Yaushe Yaronki Zai Koma Fili?

Uwargida, a wannan fitowar za mu ɗan kauce daga batun awo da haihuwa, mu taɓo wata matsala da ke shigowa gidaje ta wajen samari. Idan kina da ɗa, ko ƙane, ko ma maigida da aka yi wa aikin gwiwa sanadin ƙwallo, kin san yadda abin yake. Wata huɗu ko biyar bayan tiyata ya ajiye sanda, ɗingishi ya tafi, ciwo ya lafa, sai ki ga ya fara goge takalmin wasansa. Koci na aiko masa, abokai na zuga shi cewa gasar unguwa ta matso. Ke kuma hankalinki bai kwanta ba, sai dai ba ki da hujjar da za ki kafa masa. To ga hujjar.

Me aka gyara a cikin gwiwar?

Manyan jijiyoyi huɗu ne ke ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri. Biyu suna gefe da gefe, biyu kuma suna can ciki sun gitta juna. Ta gaba daga cikin masu gittawar, wadda za ki ga likita ya rubuta ACL a kati, ita ce ke hana ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa. Yawanci tana tsinkewa ne ba tare da kowa ya taɓa ɗan wasa ba. Ya kafa ƙafa ya juya da sauri, ko ya diro daga tsalle, sai ya ji ƙas, kafin 'yan sa'o'i gwiwa ta kumbura.

Ba kasafai wannan jijiya take haɗewa da kanta ba, kuma ɗori ba ya kaiwa gare ta tunda ba ƙashi ne ya karye ba. Abin da likita ke yi shi ne ya yanko wata jijiya daga jikin mai ciwon, galibi daga bayan cinya ko daga ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, ya huda ƙasusuwan biyu, ya zura ta, ya ɗaure. Wannan dashen sai jiki ya karɓe shi tukuna. A watanni biyu zuwa uku na farko rauni ma yake ƙarawa, kafin sababbin hanyoyin jini su ratsa shi ya fara ƙwari, kuma yakan ɗauki shekara ko fiye kafin ya nuna sosai. Nan ne ake ruɗuwa, domin ciwo yakan riga raunin tafiya. Yaro ya ji garau alhali dashen da ke cikin gwiwarsa ɗanye ne.

Wata tara

A shekarar 2016 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi tsakanin jihar Delaware ta Amurka da birnin Oslo, inda aka bibiyi mutum 106 har shekara biyu bayan aiki. An gano cewa duk wata guda da aka ƙara jira, har zuwa wata na tara, haɗarin sake jin ciwo a gwiwar yana raguwa da kusan rabi. Bayan wata tara ba a ga wani ƙarin ragi ba. Shi ya sa za ki ji likitocinmu na nanata wata tara ga mai son komawa wasan da ake juyi da birki da tsalle, kamar ƙwallon ƙafa, ƙwallon kwando, ƙwallon hannu, kokawa da dambe.

Idan ya ce miki ai ƙwararrun 'yan wasa na komawa da wuri, tuna masa da Virgil van Dijk na Liverpool. Ya ji irin wannan ciwo a watan Oktoba na 2020, bai sake buga wasa ba sai ƙarshen Yuli na 2021, ga shi da likitoci da kayan aiki na kansa kullum.

Ƙuruciya kuma ba kariya ba ce a nan. Binciken da ya tattara alƙaluman ƙasashe da dama ya nuna cewa cikin matasa 'yan ƙasa da shekara 25 da suka koma wasa, kusan ɗaya cikin huɗu yana sake tsinka jijiyar, ko a gwiwar da aka gyara ko a ɗayar. 'Yan mata ma sun fi maza saurin jin wannan ciwo, don haka duk abin da muke faɗa ya shafi 'yarki mai wasa a makaranta.

Gwajin da ake yi kafin a ce ya koma

Cikar wata tara kaɗai ba ta isa ba, sai gwiwar ta ci jarrabawa a sashen gashi da motsa jiki. Da farko likitan fisiyo zai duba cewa babu kumburi, ko bayan gudu, cewa gwiwar na miƙewa sarai tana kuma lanƙwashewa kamar 'yar'uwarta, kuma ba ta yin kamar za ta zame.

Daga nan sai awon ƙarfin tsoka, musamman ta gaban cinya. Wannan tsoka tana saurin zubewa bayan aiki, kina iya ganin hakan da idonki idan kin kwatanta cinyoyin biyu. Ana so ƙarfin ƙafar da aka yi wa aiki ya kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar.

Sai tsallen ƙafa ɗaya, irin na 'yan langa, kala huɗu: tsalle ɗaya mai nisa, tsalle uku a jere, tsalle uku ana tsallaka layi hagu da dama, da kuma tafiyar mita 6 da ƙafa ɗaya ana duba agogo. Lissafin dai guda ne. Idan lafiyayyar ƙafa ta yi santimita 150, wadda aka gyara sai ta kai 135 ko fiye. Nisa kawai ba ya gamsar da mai gwajin, yana kuma kallon yadda yaro ke dira. Idan gwiwa na karkata ciki, ko ya dira da ƙafa a sandare, ko jiki na tangaɗi, akwai sauran aiki. Wani abin lura kuma shi ne, lafiyayyar ƙafar ma takan yi sanyi saboda dogon zama, sai a ga ƙafafun sun yi daidai alhali duka biyun ne suka yi rauni. Saboda haka ake horar da su tare.

Wannan jarrabawa tana da tasiri. A binciken nan na Delaware da Oslo, kashi 38 cikin 100 na waɗanda suka koma wasa ba su ci gwajin ba sun sake jin ciwo, su kuwa waɗanda suka ci, kashi 6 ne kacal. A asibitin 'yan wasa na Aspetar da ke Doha ma, a 2016, an ga cewa ƙwararrun da suka koma fili ba su cika sharuɗɗan sallama ba sun ninka sauran sau huɗu wajen tsinkewar dashen.

Akwai kuma gwajin zuciya. Wata takarda ce mai tambayoyi 12 da aka tsara a Ostireliya a 2008, tana auna tsoro da yarda da gwiwa. Wanda ke fargaba yakan riƙa kare ƙafar, ya jibga nauyi a kan ɗayar. A nan ke ce kika fi mu gani. Idan kin lura yana hawa matakala da ƙafa ɗaya kullum, ko yana kauce wa tsuguno, ko yana shafa gwiwar da dare, gaya wa likita ko da shi ya ce lafiya lau. Wanda aka ciro masa jijiya daga ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa yakan daɗe yana jin zafi wajen durƙuso da sujada. Wannan sananne ne, amma a ambata shi.

Ko ya ci duka, ba ranar zai shiga gasa ba. Zai fara da gudu a miƙe, sai juyi, sai atisaye da ƙungiya ba tare da karo ba, sai cikakken atisaye, sannan 'yan mintoci a wasa. Duk matakin da ya jawo kumburi washegari, a koma na bayansa. A roƙi koci ya riƙa fara atisaye da tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, wanda ke ɗaukar kamar minti 20. An gwada shi a kan matasan 'yan ƙwallo a Legas, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin 100.

Idan ke ce mai gwiwar

Wata a cikinku ita ce aka taɓa yi wa aikin, ga kuma juna biyu. Ciki na sa jijiyoyin gaɓoɓi su ɗan saki, nauyi na ƙaruwa, tsayuwa na sauyawa, don haka ba lokacin gwajin tsalle ba ne, balle wasan da ake karo ko faɗuwa. Wannan ba ya nufin ki kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki da ba ta da wata matsala ta samu minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kamar tafiya da ɗan sauri. Ki ci gaba da atisayen ƙarfafa cinya da likitan fisiyo ya daidaita miki, gwajin komawa wasa kuma a bar shi sai bayan kin haihu kin murmure. Idan jijiyar ta tsinke ne kina da ciki, galibi akan ɗage tiyatar zuwa bayan haihuwa.

Kada ki sayi ibuprofen ko diclofenac a kemis don ciwon gwiwa, musamman daga mako na 20 zuwa sama, sai da izinin likita. Kuma idan dambubun ƙafa ɗaya ya kumbura, ya yi zafi ko ya yi ja, kada ki ɗauka tsohon ciwon ne ya tashi. Yana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya, abin da masu ciki suka fi saurin samu. Ki zo asibiti a ranar, kada ki jira ranar awonki, kuma ki taho da katin aikin gwiwarki.