Kitsen ɓargo: rumbun da jiki ke buɗewa a ƙarshe

A ƙarshen bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare wa makiyayan Wurogauri, mahaucin da ya fasa ƙashin ƙwaurin saniya a kasuwar Gwandu ko ta Kalgo yana iya gane irin wuyar da ta sha. Ɓargo fari mai kauri alamar ƙoshi ne. Wanda ya yi ruwa-ruwa kuwa na dabbar da yunwa ta cinye ne, domin kitsen ɓargo shi ne rumbun da jiki ke buɗewa bayan sauran sun ƙare.

Ɗan Adam ma yana da wannan kitse. Ana haihuwar jariri da jan ɓargo, wanda ke samar da jini. Sannu a hankali kitse ke maye gurbinsa, har ya kai kusan kashi 70 cikin ɗari na ɓargon baligi. An daɗe ana ɗaukarsa ciko kawai, kuma wannan kuskure ne.

Halinsa ya saɓa da na teɓa. Idan mutum ya rage ci ƙwarai, teɓa takan zube, amma kitsen ɓargo ƙaruwa yake yi, sai yunwa ta kai maƙura sannan ya narke. A 2014, masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun nuna cewa a irin wannan yanayi yana zuba sinadarin adiponectin cikin jini, wanda ke taimaka wa jiki sarrafa suga.

Sai dai yawansa ba alheri ba ne. Ƙwayar da ke gina ƙashi da wadda ke tara kitse uwarsu ɗaya, saboda haka idan ɗaya ta yi rinjaye, ɗayar takan ja baya. Shi ya sa ake yawan samun kitse mai yawa a ɓargon tsofaffi da matan da al'ada ta ɗauke musu, tare da ƙashi mai gautsi, wanda ɗan zamewa a banɗaki kan iya karyawa.

Ga mai sikila kuwa, abin juyawa yake. Da yake ƙwayoyin jininsa ba sa daɗewa, jiki yana riƙe jan ɓargo a ƙasusuwan da kitse ya kamata ya cika, domin ya ci gaba da samar da jini.